Ford Model A ta 1930 da injin V8: yadda aikin ke tafiya a garejina

16 Satumba, 2023

Motar ta iso a kan tirela daga wani rumbun gona a yammacin jihar Pennsylvania. Ford Model A ce ta 1930, mai ƙofa biyu da kujera ɗaya. Bodinta yana nan cikakke, sai dai tsatsa ta ci gindin ƙofofin da ƙasan but, rufin kuma ya buɗe don ƙyallen da ke tsakiyarsa ya ruɓe tuntuni. Injinta na asali mai silinda huɗu ne, lita 3.3, ƙarfin doki 40, kuma ya cije, ko da doguwar sifana ba ya juyawa. Wannan bai dame ni ba, da ma fita zai yi.

Abin da nake so in haɗa shi ne hot rod irin ta farko, wadda samarin Kalifoniya suka riƙa haɗawa kafin yaƙin duniya na biyu da bayansa. Su ba su da kuɗin sabuwar mota. Sai su sayi tsohuwar Model A a banza-banza, don Ford ya ƙera wajen miliyan huɗu da dubu ɗari takwas tsakanin ƙarshen 1927 da 1931, su cire madigadi da duk abin da ke ƙara nauyi, su ɗora mata injin V8, mai silinda takwas, wanda Ford ya fara fitarwa a 1932, su tafi busassun tafkunan Muroc da El Mirage su gwada gudu. Giya daga motar wannan shekara, birki daga ta waccan, sitiyari daga a-kori-kura. Kayan Ford na shekarun nan suna shiga juna da ɗan gyara kaɗan, kuma a nan duk daɗin aikin yake.

Dokar da na kafa wa kaina: duk abin da ido zai gani kada ya wuce 1953, shekarar da aka daina sa wannan injin a motocin Amurka. Inda rai yake kuwa, wato birki da gilashi da bel ɗin kujera, na zamani zan sa, ko masu son tsantsar tsohon yayi su yi ta gunaguni.

8 Oktoba, 2023

Na je Hershey a makon nan, kasuwar tsofaffin kayan mota da ake ci duk watan Oktoba. Wanda ya san Ƙofar Ruwa a Kano zai gane wurin nan take: layi bayan layi na ƙarafa a shimfiɗe a ƙasa, mai kaya yana zaune a inuwa ya san kowace kusa da shekararta, kuma farashin farko ba shi ne farashi ba.

Na samo akwatin giya na 1939. Shi kowa ke nema, don ita ce shekarar ƙarshe da Ford ya sa sandar giya a ƙasa a ƙananan motocinsa. Daga 1940 ta koma jikin sitiyari. Giya uku ne, na buɗe murfin na duba haƙoran da tocila, ba wanda ya karye. Na kuma samo faifan birki da ganguna na 1940, gaba da baya, da akwatin sitiyari na a-kori-kurar Ford F-1. Kafireta Stromberg 97 guda biyu na so in haɗa da su, amma kuɗin da ake kira ya sa na wuce. Suna nan, ba gudu za su yi ba.

29 Oktoba, 2023

Mun ɗaga bodin daga kan shasi, ni da babban ɗana da wani maƙwabcinmu dattijo wanda ya yi ritaya daga aikin injin sassaƙa ƙarfe. Kusoshin da suka ƙi kwancewa garanda ta raba gardama.

Akwai dalilin da ya sa na matsu a ɗaga shi. A Model A, lambar da ke takardar mota ita ce lambar inji. Ka cire inji, ka cire shaidar motar. Amma a masana'anta sun buga wannan lambar a saman ƙarfen shasi na hagu, wurin da bodi ke rufewa. Na goge wurin a hankali da burushin waya, ban sa sanfefa ba don kada in cinye abin da ya rage, sai ga lambobin sun fito, sun yi daidai da takarda. Na ɗauki hoto ta kowace kusurwa. Ranar rajista wannan hoton zai yi magana.

Shasin ya ɗan lotsa daidai inda bayan inji ke zama. Dattijon ya ce da wuya ka ga Model A wadda ba ta lotsa a nan ba. Mun ja zare daga gaba zuwa baya, mun auna kusurwa zuwa kusurwa, bai murɗe ba, lotsawar ce kawai.

19 Nuwamba, 2023

Bulok ɗin injin da na ɗauko a farkon wata ya faɗi jarrabawa. Mai gyaran inji ya wanke shi, ya sa masa maganaɗisu ya barbaɗa garin ƙarfe, garin ya je ya jeru a kan wata tsaga da ta taso daga mazaunin bawul ta gangara cikin silinda. Da ido ba ka ganinta. Tun wajen ciniki mun yi sharaɗi da mai shi cewa in ya tsage zan mayar, kuma ya karɓa ba musu. Duk wanda zai sayi irin wannan injin ya yi wannan sharaɗin kafin ya ƙirga ko dala ɗaya.

17 Disamba, 2023

Sanyi ya shigo sosai, garejin ba abin ɗumama ɗaki sai wata 'yar hita, amma walda da kanta tana ɗumama mutum. Mun miƙar da lotsawar da jak da sarƙa. Sannan na fara rufe cikin shasin.

Ƙarfen shasin Model A a buɗe yake ta ciki, gefe uku gare shi. Ya ishi doki 40, ba zai ishi ɗari da wani abu ba. Sai a yanko faranti a rufe gefe na huɗu ya zama akwati. Aikin ba wuya, haƙuri yake so. In ka ja walda doguwa a gefe ɗaya, zafi zai janye ƙarfen, ka tashi da shasi mai kallon gabas. Don haka ɗigo-ɗigo nake yi, inci ɗaya a hagu, in tsallaka dama, in koma can baya, in bari ya huce har in iya dafa shi da hannu. Yarona ya gaji da jira ya ce, "Abba, a haka sai bazara." Na ce masa to, sai bazarar.

21 Janairu, 2024

An samu bulok mai lafiya. Samfurin 59A ne, wanda aka sa a motocin 1946 zuwa 1948, lita 3.9, doki 100 daga masana'anta. Ya ci jarrabawar garin ƙarfe, ya ci ta matsin iska a hanyoyin ruwa. Na zaɓe shi a kan na 1949 zuwa sama don shi da akwatin giyar 1939 kai tsaye suke haɗuwa, ba sai an nemo wani abu a tsakani ba.

Bari in tsaya a kan wannan injin, don mutum uku ke nan suna tambayata me ya sa ban sa injin Chevrolet 350 na huta ba. Gaskiyarsu ta wani fannin: ya fi arha, ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, kayansa suna kowane shago. Amma ƙaramin V8 na Chevrolet sai 1955 ya fito, 350 ɗin ma sai 1967. In na sa shi, wata motar ce daban na haɗa, mai kyau ɗin ma, amma ba wadda na ɗauko niyya ba.

Shi wannan na Ford, bawul ɗinsa a cikin bulok suke, a gefen silinda, ba a sama ba. Shi ya sa tof ɗinsa faranti ne kawai shimfiɗaɗɗe, ba komai a cikinsa sai hanyar ruwa da ramin fulogi, noti 24 ke riƙe kowanne. Abin da Henry Ford ya yi a 1932 da ya girgiza mutane shi ne zuba bulok ɗin V8 a dunƙule guda ɗaya, da yawa, da arha, har talaka ya hau mota mai silinda takwas. Na farkon lita 3.6 ne, doki 65. Sai dai arhar ta zo da kuɗinta. Hayaƙi ba ya fita kai tsaye. Sai ya ratsa ta cikin bulok, tsakanin silindoji, kafin ya kai waje. Silinda biyu na tsakiya ma hanya ɗaya suke rabawa, shi ya sa za ka ga bututu uku a kowane gefe maimakon huɗu. Duk wannan wutar ruwan inji ne ke shanye ta. Daga nan zafin da aka san injin da shi ya samo asali, daga nan kuma tsagar da na gani a bulok na farko.

Na kwana biyu ina tsokalar hanyoyin ruwan da doguwar waya da iska. Abin da ya fito ya ba ni mamaki: ɓawon tsatsa, guntayen waya, da yashi. Dattijon ya ce yashin zubi ne tun na masana'anta, ya shekara sama da saba'in a kwance a gindin bulok yana tare ruwa. Wanda bai fitar da shi ba, ko lagireton tirela ya sa, motar za ta tafasa.

25 Fabrairu, 2024

Gaban mota ya tsaya da ƙafarsa. Na aika aksul ɗin asali aka gasa bakunansa aka lanƙwasa su sama, gaban ya sauka kusan inci uku, na kuma juya idon babban ganyen sifirin ya ƙara sauka kaɗan. Sifirin ɗin Ford na lokacin a gicciye yake, guda ɗaya gaba, guda ɗaya baya. Ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe aksul yana haɗewa a ƙarƙashin inji, kuma kaskon man V8 zai buge shi, sai na raba shi biyu na ɗaura kowace ƙafa a gefen shasi. Kafin in kama da walda na kwantar da aksul ɗin baya digiri shida. In ya miƙe tsaye, mota za ta riƙa yawo a titi, sitiyari ba zai dawo da kansa ba bayan kwana.

Birki shi ne abin da na fi ba wa lokaci. Na Model A na sanduna ne, ka taka, ƙarfe ya ja ƙarfe. Ford ya daɗe yana ƙin birkin mai, sai 1939 ya sallama, bayan sauran kamfanoni sun yi nisa. Na ɗauki na 1940 ne ba na 1939 ba saboda ramukan notin taya: daga 1936 zuwa 1939 a warwatse suke can bakin ganga, a 1940 suka dawo daidai da na Model A. Masta kuwa, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi, ta zamani na sa, mai ɗaki biyu, gaba daban baya daban, na ɓoye ta a ƙarƙashin daɓe. Ta asali ɗaki ɗaya gare ta. Bututu guda ya fashe, tayoyi huɗu sun tafi tare. Ba zan ɗauki 'ya'yana a kan wannan ba don a ce motata ta yi kama da ta 1948.

A baya na bar aksul ɗin Model A. Rauninsa sananne ne: bakin sandar a tsuke yake, wani ɗan makullin ƙarfe ke shiga tsakaninsa da cibiyar taya, in cibiyar ba ta zauna daram ba makullin zai yanke ranar da ka saki kuloci da ƙarfi. Na shafa man goge bawul na yi ta murza su har fuskokin biyu suka kama juna ko'ina.

24 Maris, 2024

Azumi. Ba na taɓa garanda da rana. Bayan tarawihi nake ɗan shiga in ja wayoyi a kan tebur. Motar da bolt 6 ta zo, kuma kan batir mai alamar tarawa shi ke zuwa jikin bodi, saɓanin motocin yau. Na mayar da ita bolt 12 saboda fitila da tashi a sanyi. Wayoyin dai masu rigar zare na saya, irin na da, da fis a kowane layi.

5 Mayu, 2024

Injin ya haɗu. An faɗaɗa silindojin kaɗan an sa sababbin fistin. Karanshaf ɗin na Mercury ne, wata motar kamfanin Ford, na 1949 zuwa 1953, wanda tafiyar fistin ɗinsa inci huɗu ce maimakon uku da kwata uku na Ford. Tsohuwar dabara ce, kusan duk wanda ya haɗa irin wannan injin a wancan zamanin ya nemi wannan karanshaf. Da shi da faɗaɗawar, injin ya tashi kusan lita 4.3. Boris uku kacal ke riƙe karanshaf ɗin, don haka ba injin da za a yi ta kai wa ƙarshen juyi ba ne. Ƙarfinsa a ƙasa-ƙasa yake, wurin tashi.

Tof biyu na alminiyam na sa, masu zara-zaran haƙarƙari, na kamfanin Offenhauser. Kafiretocin Stromberg ɗin da na bari a Hershey na samu wasu wajen wani mutum da ya fasa nasa aikin, na wanke su na canja musu kayan ciki. Saita bawul goma sha shida ta cikin kwarin injin, da 'yan yatsu a matse, ya ci min yammaci guda da fatar gaɓɓai biyu.

Mun zura shi cikin shasi. Famfunan ruwa biyu ne, ɗaya kowane gefe, kuma su ne ƙafafun injin na gaba. Baya kuwa famfon fetur ya zo dab da bangon da ya raba inji da direba, sai da na ɗan bubbuga wurin ya shiga ciki.

9 Yuni, 2024

Bodi. Na yanke ruɓaɓɓen gindin ƙofofin na sa sabon ƙarfe, kai da kai, ba ɗorawa a kan tsohon ba, don in ka ɗora, ruwa zai samu wurin kwana. Katakon rufi duk na canja. Mutane suna mamakin ganin katako a mota, amma a 1930 injinan matse ƙarfe ba su kai su buga rufi guda cikakke ba, sai a bar tsakiya a shimfiɗa katako da waya da ƙyalle. Ford bai yi rufin ƙarfe zalla ba sai 1937.

An yi gardama a garejin kan sare rufi. Al'adar masu hot rod ce su yanke inci uku ko huɗu daga ginshiƙan su sauke rufin, asali don rage iska a wurin tsere, daga baya don kyau. Yarona yana so, dattijon ma yana so. Na tura wa yayana hoton, shi da ya shekara talatin yana fanalbita a gida, ya kira ni ya ce, "Kai dogo ne, in ka sare ta a ina za ka sa kanka?" Na ce, "Yaya, ai abin da nake faɗa musu ke nan." Ba don tsawona kaɗai ba. Bodin nan ya kai shekara casa'in da huɗu ba wanda ya sa masa zarto. Saukar da na yi wa gaba, da manyan tayoyi a baya da ƙanana a gaba, sun riga sun ba ta wannan sunkuyon da ake so. Rufi ya zauna yadda yake. Madigadi dai na cire, na rataye su a bango, ko wani zai so ya mayar wata rana.

Fenti ba yanzu ba. Na fesa mata na share fage, baƙi marar ƙyalli, haka za ta yi yawo har sai na gama kwance-kwance da ɗaure-ɗaure.

14 Yuli, 2024

Ta tashi.

Mun turo ta waje, na cika kafiretocin da mai, na sa baƙin mai mai sinadarin zink saboda sabon kamshaf. Bugun farko ta yi tari, na biyu ta kama. Ba a barin sabon kamshaf ya yi silo, sai na riƙe totur wajen juyi 2,000 a minti har minti ashirin, yarona yana kallon agogon mai, dattijon yana zagayawa da tocila yana neman yoyo. Ba salansa tukuna, bututu ne kawai, maƙwabta suka fito. Da ma na gaya musu tun jiya, har wata ta kawo mana lemo.

Ƙarar wannan injin daban take, kauri gare ta da ɗan gurnani a ƙasa, kuma waccan hanyar hayaƙin da ke jawo masa zafi tana cikin abin da ke ba shi muryar. Da ya huce na bi notin tof 48 na sake ɗaure su bi da bi daga tsakiya zuwa waje. Tof ɗin alminiyam sai an yi masa haka sau da yawa kafin gasket ya zauna.

18 Agusta, 2024

Na fita da ita a wani filin ajiye motoci da mai shi ya ba ni izini. Birki ya kama daidai, ba ta ja gefe. Sitiyarin F-1 ya yi sauƙi fiye da yadda na zata. Giya ta biyu tana shiga lafiya, ta ɗaya kuwa sai mota ta tsaya cak, don ba ta da abin daidaita juyi, haka aka yi ta.

Zafi ne ya nuna kansa. Tana tafiya agogon zafi na zaune wajen digiri 82, da na tsaya minti kaɗan sai ya fara hawa, gefen dama ya fi na hagu. Agogo biyu na sa, don a wannan injin kowane gefe da famfonsa da hanyar ruwansa, sai a lagireto suke haɗuwa. Na duba dilko, mai raba wa fulogi wuta, na ga wuta tana ɗan makara, na matso da ita gaba, zafin ya ragu amma bai tafi duka ba. Fanka tana da nisa da lagireto, iska tana zillewa ta gefe maimakon ta ratsa. Na yanko kwali na gwada siffar murfin da zai tattara iskar, na manna da tef, na bar ta tana aiki a tsaye: allurar ta tsaya ba ta wuce ba. Wannan makon zan buga shi da farantin alminiyam.

Gilashin gaba yana wurin mai yanka, mai leda a tsakiya na ce ya sa. Bel ɗin kujera ya iso amma sai na ƙara ƙarfe a ƙarƙashin daɓe inda zai kama, don katako da siririn faranti ba za su riƙe mutum ba. A Pennsylvania motar 1948 zuwa ƙasa da aka sauya wa fasali tana da nata rukunin rajista, kuma sai an duba ta kafin a ba da lamba, don haka fitilun kwana da hon da abin share gilashi duk sai sun yi aiki kafin in kai ta. Salansa biyu na yi oda, gajeru, za su bi ta ƙarƙashin shasi su fita gaban tayoyin baya.